Saura Ƙyalle Huɗu

Matar Malam ta rasu ta bar bargon haɗe-haɗe saura ƙyalle huɗu shuɗɗa ya cika. Na jikansu na fari ne, wanda ake sa ran zuwansa ƙarshen wata. Malam, da ya shekara talatin yana koyar da lissafi, ya dubi bokitin rininta a bayan kicin ya ce ai wannan wasan yara ne: ruwan zafi, gishiri, garin rini cokali biyu.

Ashe rini maƙaryaci ne. Ƙyalle na jiƙe sai ya fito shuɗi shar, sak irin nata, Malam ya shanya yana hura hanci. Da ya bushe sai ya koɗe kamar tsumman goge tebur. Ya ƙara cokali, ya rubuta a takarda, ya sake. Sau shida ke nan. Hannuwansa suka rine har gwiwa, har da gemu, don ya saba shafa shi in yana tunani.

"Malamin lissafi," ya ce wa fuskarsa a ruwan bokiti, "an ba ka huɗu ka kasa."

Farin yadin da ta bari saura taƙi biyu. Ya jefa duka, ya rage ruwa, ya ƙi ci ya ƙi sha yana gadin igiyar shanya. Wannan karon ya zarce, ya fito kusan baƙi. Nan dariyar ta ƙare masa. Ya zauna bakin famfo, kunya da kewarta suka taru suka danne shi.

Haka 'yarsa ta same shi, tana tafe da ƙyar da tsohon ciki.

"Baba, wa ya rina ka haka?"

"Na ɓata yadin uwarki, Auta. Duka."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko bargon, ta juya bayansa. Malam bai taɓa juyawa ba. Shafin ciki kaf ƙyallaye ne koɗaɗɗu, wani ya yi dabbare-dabbare, wani ya yi duhu kamar nasa.

Auta ta ce, "Kullum sai ta ɓata biyar kafin ta samu ɗaya. Ɓoyewa take yi kada ka yi mata lissafi."

Malam ya daɗe yana shafa su da shuɗin hannunsa.

"Miƙo naka," in ji Auta, tana zura zare a allura. "Su a gaba za mu sa."