Arowolo ko Gbayi

Bango ɗaya ne ya raba shagona da na Iya Dupe a layin masu atamfa na kasuwar Gbagi, a nan Ibadan, kuma tun muna goyon 'ya'yan fari muke zaune haka. Ita coci take zuwa, ni ina salla, amma kwanon amala ɗaya muke sa wa hannu kullum da rana. Ra'ayi ne kawai bai taɓa haɗa mu ba. In na ce leshin nan zai tafi, sai ta ce zai kwana a shago. In ta ce za a yi ruwa, ko laima ba na ɗauka, gara in jiƙe sharkaf da a ce ta yi gaskiya.

Kowace shekara, in an kwana biyu da babbar salla, matan layinmu kan ɗauki shatar bas mu kwashi jikoki mu kai su wurin wasa. Arowolo muke zuwa, tsohon wurin wasan da ke bayan gari, inda 'ya'yanmu ma suka hau dokin katako suna ƙanana. Bara Iya Dupe ba ta je ba, lokacin tana makokin mijinta. Bana kuwa, da aka kawo maganar a taro, sai ta miƙe ta gyara zani.

Ta ce, "Ni dai na gaji da Arowolo. Dawakin nan sun kusa girme ni. An buɗe sabon wuri a hanyar Legas, Gbayi sunansa. Jikana ya nuna mini a waya. Ku zo ku ga wuri, kamar ba a ƙasar nan ba."

Na ce, "A waya? A waya ai ni ma budurwa ce."

Aka kwashe da dariya, ita kuwa ta yi kicin-kicin. Nan take taro ya rabu biyu, kowa na magana ba mai saurare, har sai da Alhaja Sikira, shugabar matan layinmu, ta buga sandarta a ƙasa.

Ta dube mu ni da ita ta ce, "Iya Dupe, Iya Bashiru, tunda ku ne masu baki, ku je ku gano mana duka biyun. Abin hawa, wasan kallo, da abin da zai fita daga aljihu. Ku je tare, ku dawo tare, kada wata ta cinye wata a hanya."

Ranar Lahadi, bayan ta taso daga coci, muka nufi Gbayi. Ta sha leshi ruwan hoda da gwaggwaro kamar mai zuwa biki, ga jaka niƙi-niƙi a kafaɗa.

Tun daga ƙofa na ji jiri. Kuɗin shigar mutum ɗaya ya kusa sayen turmin atamfa mai kyau. Iya Dupe ta sunkuya ta tagar mai sayar da tikiti ta rage murya.

"'Yata, mu ma 'yan kasuwa ne. Nawa ne gaskiyarsa?"

Yarinyar ta yi murmushi ta ce, "Mama, ba a tayi a nan. Amma in kin shiga, duk abin da kika ga dama ki hau, ba ƙarin ko sisi."

Iya Dupe ta juyo ta dube ni ta ce, "Kin ji ko? Ba ƙari."

Ba ta gama alfaharin ba mai gadi ya buɗe jakarta. Alala ƙulli-ƙulli, soyayyen kifi, soyayyar ayaba, har da 'yar robar yaji. Ya ce ba a shiga da abinci, akwai na sayarwa a ciki. Ta yi masa magiya, ta ce ita sa'ar kakarsa ce, ta ce magani take sha, duk a banza. Ƙarshe dai a bakin dakalin ƙofa muka zauna, tsofaffi biyu cikin kwalliya, muka tashi da abincin nan kakaf masu shiga suna kallonmu. Kan kifin ta miƙa wa mai gadin, ya karɓa yana waige-waige.

Gaskiya ɗaya ce, wurin ya yi kyau. Ciyawa shar, ko ledar ruwa ba ka gani a ƙasa, bayan gidansu ma ƙamshi yake. Amma ruwan gora ɗaya kuɗin uku ne a waje, kuma na lura a bakin kowane babban abin hawa akwai sanda da ake gwada tsawon yaro da ita. Wanda bai kai ba sai ya koma gefe yana kuka, alhali an biya masa kuɗin shiga cif. Na nuna mata wani ɗan yaro da ke birgima a ƙasa.

Na ce, "Ga rabin jikokinmu can."

Ta ce, "Sai su ci abinci su yi tsawo."

Wasan kallonsu a wata ƙatuwar rumfa ake yi. Ruwa na tsiri sama yana rawa da kiɗa, samari na tafiya a kan igiya, wani ya shiga rigar zaki yana tsalle. Ya burge mu, har Iya Dupe ta kwance bakin zani ta taka zuwa gaba za ta yi wa zakin liƙi a goshi. Wata ma'aikaciya ta tare ta da ladabi, ta ce ba a hawa dandamali. Ta dawo ta zauna da kuɗinta a hannu tana gunaguni.

"Wane irin wasa ne wannan, mutum ya burge ka ba dama ka gode masa?"

Sai muka iso wurin abin da suke kira Maciji. Wani jirgin ƙasa ne buɗaɗɗe, yana hawa sama a hankali, sa'an nan ya sulmiyo ya murɗe ya kifa mutane kai ƙasa. Ihun da ke fitowa daga cikinsa ya isa ya sa mai hankali ya koma gida. Muka tsaya muna kallo.

Can ta ce, "An ce mu gwada abin hawa. Amma na san ke ba za ki iya ba, da hawan jininki."

Na ce, "Ni? Ke da ko acaba sai kin rufe ido?"

Abin da ya sa muka hau ke nan. Aka danne mu da ƙarfe a ƙirji. Da jirgin ya fara hawa, na ji ta kama hannuna ta matse kamar za ta karya. Da ya saki kuwa, ita tana kiran Yesu, ni ina salati, can tsakiya ban san wa ke kiran wa ba. Gwaggwaronta ya tashi sama kamar shirwa ta ɗauka, ba mu sake ganinsa ba. Amma wani abu ya same ni a kifawa ta biyu. Tsoron ya tafi, na ji ina ƙyalƙyala dariya irin wadda rabona da ita tun ina yarinya. Da muka sauka, ga kitsonta fari fat a waje, ni kuwa ina leƙen layi ko ya ragu.

Ta ce, "Iya Bashiru, in kika sake hawa abin nan, na yafe ƙawancen."

Na cire mayafina na ɗaura mata a ka, muka tafi gida.

Lahadin da ta biyo baya ta Arowolo ce. Na daɗe ina jiranta a tasha. Da ta zo, ba leshi ba gwaggwaro, atamfa ce kawai ta zaman shago, kuma a mota ba ta tsokane ni ko sau ɗaya ba. Na ɗauka haushin Maciji ne bai sake ta ba.

Arowolo yana nan yadda muka san shi. Kuɗin shiga bai kai na kwanon shinkafa ba, sai dai kowane abin hawa da nasa ɗan kuɗin. Iyalai sun baje tabarmi ƙarƙashin itatuwa da tukwanensu na dafa-duka, ba mai ce musu don me. Dawakin katako fenti ya kwaile, ɗaya ma ba kunne, amma ba a gwada tsawon kowa, har na goye ana ɗorawa uwar na riƙe da shi. Ƙaton lilon nan mai juyawa sama yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Muna kallo wuta ta ɗauke, waɗanda ke sama suka zauna suna ɗaga wa na ƙasa hannu har aka tayar da inji. Na jira ta yi mini dariya a kan haka. Ba ta yi ba.

Daga can gindin babban mangwaro muka ji kalangu. Nan ne wasan kallon Arowolo, ba rumfa ba dandamali, makaɗa ne da 'yan rawa, mutane sun yi musu da'ira. Shugabansu Baba Ayanwale, tsoho ne tukuf, mun fi shekara ashirin muna samun sa a gindin itacen nan. Iya Dupe ta ja baya ta ce mu zagaya ta wancan gefen, amma ya riga ya hango mu. Ya ratso mutane da kalangunsa a hammata, baki har kunne.

"Iyayena na Gbagi! Bara na ga motarku ban gan ki ba, Mama. Ina maigidan? Ina dogo, abokin rawata?"

Sai a lokacin na gane abin da ya sa take gudun Arowolo. Mijinta Baba Dupe, Akanmu sunansa, shi kaɗai ne namijin da ke bin motarmu kowace shekara. Shi ke sauke tukwane, shi ke ƙirga yara, kuma shi ke fara shiga fili in an soma kiɗa, ya jawo matarsa tana tirjewa. Ni da nake bango ɗaya da ita, ban kawo wannan a raina ba ko kaɗan.

Ta ce a hankali, "Baba, ya riga mu. Shekara ta zagayo."

Tsohon ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Ya ɗaga wa yaransa hannu, kiɗa ya tsaya cak. Ya yi mata gaisuwa, ya yi addu'a, sa'an nan ya mayar da hularsa ya gyara kalangu ya fara bugawa shi kaɗai, sannu-sannu. Kirarin Akanmu yake yi, kalangu na faɗa shi yana maimaitawa da baki: Akanmu dogo, mai dariya kafin gaisuwa, mai ɗaukar kayan da ba nasa ba.

Hawaye suka zubo mata, ta sa bakin zani tana sharewa. Na kama kafaɗarta na ce mu tafi. Ba ta motsa ba. Tsohon ya matso kusa, ya ƙara wani baiti yana kallonta ta wutsiyar ido: Akanmu jarumi, mijin mace ɗaya mai faɗan mata goma.

Dariya ta kuɓuce mata cikin kukan. Ta ce, "Ka ji tsohon banza! Shi ya koya maka wannan ko?"

Ya ce, "Shi ne, Mama. Ya ce kada in faɗa sai ba ya kusa."

Ta miƙo mini jakarta. Ta shiga fili, ta sunkuya, ta fara taka rawa a hankali, sauran makaɗan suka shigo ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da ba su san ta ba suka yi ta tafi. Ta kwance bakin zani ta yi wa tsohon liƙi har ya rufe masa ido, sa'an nan ta juyo ta fizgo ni, jaka da komai. Mun yi rawa har gwiwata ta fara ƙara.

A taron da ya biyo baya ita ta fara bayani. Ta ce a abin hawa da tsabta Gbayi ya yi wa Arowolo fintinkau, wannan ko makaho ya shafa ya ji. Amma kuɗin kai yaro ɗaya can zai kai huɗu Arowolo su hau doki har su gaji, ga tukunyarka a gabanka, ga makaɗan da suka san sunan mutum.

Ta ce, "Saboda haka Arowolo za mu. Kuma a sani, ba don Iya Bashiru ta faɗa ba ne. Ni na gani da idona."

Alhaja Sikira ta juyo gare ni ta ce, "To, kin ci nasara. Kina da ƙari?"

Na ce, "Ina da shi, Alhaja. Manyan jikokin nan da suka fara gemu, zaluntarsu muke yi da dokin katako. Duk mai hali ta kai nata Gbayi ko sau ɗaya ne, su hau Maciji. In ba mai raka su, ni zan raka su."

Iya Dupe ta riƙe baki ta ce, "Jama'a, ku ji mini tsohuwa! Wallahi bayanta za ta karya, kuma ni za a bari da jiran shago biyu."

Ranar fita, bas ta cika maƙil, tukwane a ƙarƙashin kujeru. Iya Dupe ce ta tsaya a ƙofa tana ƙirga yara da suna, tana dungure kan masu turereniya. A can ta ci, ta yi rawa, ta yi faɗa da mai dawaki a kan ya rage wa jikarta zagaye. Da la'asar muka kamo hanyar gida, yara duk sun yi laushi. Kafin mu shigo gari barci ya kwashe ta, kanta a kafaɗata, jikarta a cinyarta da sauran alawa a hannu. Hannuna ya mutu tun daga kafaɗa har yatsu, amma ban motsa ba sai da direba ya tsaya a tashar Mokola.