Wutsiyar da Tsaya-Cak Ya Bari

"Tsaya cak mana! Sai motsi kake kamar wanda ƙuma ke ci."

"Ni ke motsi ko hannunka ke rawa?" na ce, almakashi a hannuna, kan wani direba rabi a aske.

Mutumin da ke riƙe da kyamara a gabana ya ƙara saita ta. Ya danna maɓalli, 'yar jar fitila ta kama a goshin kyamarar, shi kuma ya yi gum. Haka yake tun da na san shi: da zarar fitilar nan ta kama, ko tari ba ya yi. Ya ɗauke ni ina aski, ya ɗauki fanka, ya ɗauki gashin da ke ƙasa. Na gama da direban, na kakkaɓe masa wuya, har ya tashi yana laluben hularsa, amma mutumin nan bai kashe ba.

"An gama ai," in ji direban.

Sai da ya ɗan ƙara jinkirtawa sannan ya kashe. "Wutsiya ce," ya ce. "Dole ka bar wa mai yanka wutsiya. In ka kashe daidai inda abu ya ƙare, a ina za ta sa wuƙa?"

Maƙwabcina ne, mai ɗaukar bidiyo. Bango ɗaya ya raba shagona da ɗakin aikinsa, gidansa kuma yana bayan shagunan. Duk layinmu Tsaya-Cak ake ce masa, don babu wanda bai taɓa daka wa wannan tsawar ba, ango ne ko shugaban makaranta. Mai yankan da yake magana a kai 'yarsa ce, Auta, wadda ke tsaye a bakin ƙofa rungume da kwamfuta. Shi ke ɗauka, ita ke zama ta yanka, ta haɗa, ta daidaita sauti.

A lokacin an riga an sallamo shi daga asibiti da leda cike da magani, aka ce a je gida a ci gaba da kula da shi. Kowa ya san abin da wannan maganar ke nufi. Rigunansa sun yi masa yawa, agogonsa yana zamewa har tsakiyar hannu. Ni na zaci zai kwanta ya huta. Ina! Sai ya ce shi ba inda za shi sai ya zaɓa wa Auta kyamara. Tsohuwar tasa mai kaset ce, kaset kuwa ya ɓace a kasuwa, kuma kafin a juye shi cikin kwamfuta sai a wuni. Wani tsohon abokinsa mai shagon kyamara ya yarda ya riƙa aiko masa da su ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa. Shagona ya zama wurin gwaji, wai don akwai haske da hayaniya. Ba wanda ya nemi izinina.

Auta ta zare katin ajiyar hoto daga kyamarar farko ta sa a kwamfuta a kan bencin jira. Hoton ya fito tas, har furfurar da nake ɓoyewa. Amma sauti babu abin da ake ji sai kukan fanka.

Ya juya kyamarar yana duba gefenta. "Babu ramin makirfo. Kurma ce wannan. Ki je taro da ita ki dawo da iska? A mayar."

Da yammacin ranar, bayan ya shiga gida, Auta ta dawo ita kaɗai. Ta zauna a kujerar aski tana juya ta da ƙafa kamar yadda take yi tun tana ƙarama.

"Kawu, ka san ba ni da shi?"

"Ba ki da wa?"

"Baba. Kwali-kwali na kaset a ɗakin can, duk na duba. Mama tana ciki, Allah ya ji ƙanta, tana dariya, tana kore shi da muciya. Kai kana ciki. Har akuyar mai wanki tana ciki. Shi ko inuwarsa babu. Ko muryarsa babu, tunda ba ya magana in yana ɗauka."

"Kin tambaye shi?"

"Ya ce mai ɗauka ba ya shiga hoto. Na ɗaga waya zan ɗauke shi, ya juya mini baya, ya wuni bai yi mini magana ba." Ta tsayar da kujerar. "Kawu, ina tsoron ranar da zan nemi fuskarsa a kaina in rasa."

Maganar ta soke ni. Sai na kama share tsefe da burushi, tsefen da ba shi da datti.

Ni na kawo dabarar madubi, kuma har yau ina ganin dabara ce mai kyau, mutumin ne ya fi ƙarfinta. Ranar da kyamara ta biyu ta iso, na sauke babban madubina daga bango na jingine shi a kusurwa, yadda duk wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗaukata sai ya faɗa ciki.

Ya shigo yana dafa bango. Kyamarar babba ce, baƙa, da ƙyar ya ɗaga ta. Ya sa ido, ya sauke, ya dubi madubin, ya dube ni.

"Wa ya motsa wannan?"

"Ƙusar ce ta yi laushi."

"Ƙusa." Ya yi taku biyu zuwa hagu, ya tsaya a ɗan lungun da madubin bai kai ba, ya ce in tsaya cak. Tsawon rayuwarsa yana kauce wa gilashin motoci da tabarau na baƙi, ni ne zan kama shi da madubin aski?

Hoton wannan kyamarar kuwa sai wanda ya gani. Auta har da tafi. Amma da ta ja shi zuwa wurin yanka, kwamfutar ta fara huci kamar tsohuwar mota a hawa. Hoton ya riƙa tsayawa, bakina ya buɗe ya ƙi rufuwa, maganata ta wuce ta bar ni a baya.

"Baba, zan iya juya shi ya yi sauƙi. Sai dai ya ɗauki lokaci."

"Kowane aiki sai kin juya? Mai biki yana ƙofa yana jira, ke kina kallon kwamfuta tana zufa? Ba don kyan hoto ake sayen kyamara ba, don wanda zai zauna da hoton ake saye. Ya yi wa injinki nauyi. A mayar."

Nan raina ya ɓaci. Ban san lokacin da na ajiye injin aski da ƙarfi ba.

"Kai dai a mayar, a mayar! Yarinyar nan ba kyamara take nema a wurinka ba, kai ma ka sani. Ka ɗauki duniya duka, ka hana 'yarka fuskarka. Wane irin taurin kai ne wannan?"

Auta ta sunkuyar da kai. Shi kuwa ya lallaɓa ya zauna a benci, ya ɗora kyamarar a cinya. Ya daɗe yana maida numfashi.

"Mai aski," ya ce a hankali, "kai ke aske ni. Ka ga abin da ya rage. Na san aikin nan. Abin da aka gani a ƙarshe shi ke danne na baya. So kake duk ranar da ta tuna ni ta ga wannan ƙashin?"

"Baba, ni ko a yaya ne."

"Ke yarinya ce."

Ya miƙe ya fita. Na tsaya ina jin haushinsa da tausayinsa a haɗe, na kasa raba su. Da na mayar da madubin bango ma sai da na bugi yatsana da guduma.

Bai sake shigowa shagona ba. Ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Kyamara ta uku a gado ta same shi, ranar da na je yi masa aski a gida da hantsi. Ɗakin yana warin magani da man zafi. An jingina shi da matasai, taga a buɗe, kwalayen kaset jere har saman kabad. Ban yi zancen faɗanmu ba, shi ma bai yi ba.

Wannan ƙarama ce, ba ta da wani kwarjini. Ya jujjuya ta, ya sa farce a ramin makirfo, ya buɗe wurin batir, ya rufe. Ya ɗauki Auta tana ninke tawul, ya ɗauki taga, ya ba ta katin. Ta gwada a nan gefen gado. Ta yanka, ta ja, ta manna, kwamfutar ko tari ba ta yi ba.

"Ya shige kamar ruwa, Baba."

"Sautin fa?"

"Har tsuntsun waje ana ji."

"To, wannan ce. Ki gaya wa mai shagon kyamarar mun ɗauka. Mayar mini da katin, sauran gwajin duhu."

Ta mayar masa, ta fita ɗora ruwan ɗumi. Ya ɗauke ni ina shirya reza, ya yi mini alama da hannu in ja labule, ya sake yi in buɗe. Sai hannun ya gaji, ya sauke kyamarar a ƙirjinsa, ya dafe ta da tafi. Na yi masa askin a haka. Fatar ta yi laushi har ina tsoron rezar. Da na gama, hannuna ya yi abin da ya saba yi wa kowa: na ciro ɗan zagayayyen madubina na riƙe masa a gaba. Sai da na ɗaga na tuna da wanda nake yi wa. Na yi niyyar saukewa.

"Bar shi," ya ce.

Ya kalli kansa, ya daɗe. Ya ɗan gyara zaman kyamarar a ƙirji kamar tana danne shi.

"To, ga ni nan," ya ce. "Ba wani abin kallo. Hancin dai yana inda yake." Ya yi murmushi, ya huta. "An yi haƙuri da ni, na sani. Allah ya yi albarka. Kuma kada a yi mini kuka a kan kayan aiki, ruwa yana ɓata su."

Idona ya riga ya cika, na ɗauka da ni yake, yana tsokanata kamar kullum. Madubin ya fara rawa a hannuna.

"Tsaya cak mana," ya ce.

Na tsaya. Hannuna har ya yi tsami kafin ya ce ya isa.

Bai daɗe ba bayan nan. Wata safiya ina tsakiyar aski na ji muryar Auta ta bayan bango, kira ɗaya ta yi, ba mai ƙarfi ba. Na bar mutum da kumfa a haɓa na fita. Na same shi kamar mai barci, askin da na yi masa bai gama tofowa ba. Aka kai shi makwancinsa. Mutanen da suka zo, kusan kowa yana da kaset ko faifan da shi ya ɗauka a gidansa, kuma babu wanda ke da hotonsa yana motsi. Na yi kuka, na kuma yi fushi da shi a raina, don na ga ya tafi da abin da yarinyar ta roƙa.

Bayan an watse daga zaman makoki, an kwana biyu, aiki ya zo wa Auta, taron wata makaranta. Ta shigo shagona da kwamfuta da sabuwar kyamarar, ta ce ɗakin aikin ya yi mata shiru da yawa. Za ta share katin ta samu wuri.

"Gwaje-gwajen Baba ne kawai. Bari in duba kafin in goge."

Ina wanke tsefe, ina jin ta tana wucewa da sauri. Ga ta tana ninke tawul. Ga taga. Ga ni ina jan labule. Sai hoton ya karkace, ya koma kallon rigata da gefen kabad, ana jin ƙarar reza.

"Wutsiya," in ji ta. Ta kai hannu za ta yanke. Sai ta tsaya. "Kawu, wannan wutsiyar ta yi tsawo."

Na zo na tsaya a bayanta. Rigata ta matsa gefe. Wani zagayen haske ya taso daga ƙasa, ya yi lilo, ya daidaita. Ga fuskarsa a cikin madubina, sabon aski, idanun nan a zurme. A ƙasan haɓarsa ga idon kyamarar, ga babban yatsansa a kan jar fitilar ya rufe ta ruf. Hoton ya ɗan motsa, ya gyara shi har fuskar ta zo tsakiya.

"To, ga ni nan," ya ce, muryar ta fito tas.

Auta ta ja kwamfutar nesa da fuskarta, ta kai ta can ƙarshen benci, sannan ta bar hawayen suka zubo a cinyarta. Ni na koma na zauna a kujerar aski.

Wani ya leƙo ya ce, "Mai aski, akwai layi?" Ya dube mu, ya ja ƙofar a hankali ya tafi.

A cikin kwamfutar ya riga ya gama magana. Bai kashe ba. Yana nan cikin ɗan zagayen madubin yana kallonmu, yana numfashi, yatsuna huɗu a gefen gilashin suna ƙoƙarin tsayawa cak.