Farar Tantabara a Farin Shafi

Ba son zamani ne ya kai Baba Mai Tantabaru shagon koyon kwamfuta da furfurarsa ba. Tantabararsa ce ta ɓata, fara tas, wadda matarsa ta raɗa wa suna 'Yar Lele, wai ya fi tambayar lafiyarta a kan ta mutanen gidan. Ta tashi da safe tare da 'yan'uwanta, su suka dawo, ita shiru.

Akwai wani dandali a intanet inda masu kiwon tsuntsaye na garin ke haɗuwa, Baba kuwa bakinsa ba ya hutawa a can. Ya yi cigiya, kafin yamma gardamar abincin 'yan shila ta binne ta. Sai ya lura wasu suna da ɗan siririn hoto da ke fitowa a ƙarƙashin duk abin da suka rubuta, sa-hannu ake ce masa. Ya ce to, da nasa na ɗauke da hoton 'Yar Lele, ai duk inda ya tsoma baki sai an gan ta.

Shagon ɗaki ɗaya ne, tsakanin tela da mai sayar da fenti, fanka na juyawa tana kuka. Malamar yarinya ce, sa'ar autarsa, dokokinta kuma a bakinta suke kamar karatun hadda.

"Kada rubutu ya wuce kala biyu. Hoto kuma a yanke shi a cire bayansa. Ƙwararre ba ya barin bango da igiyar shanya a bayan hoto."

"Wa ya ce?" in ji Baba.

"Haka ake yi, Baba."

"Na ji haka ake yi, 'yata. Wanda ya fara yi, me ya gani?"

Ta yi dariya ta ce ita dai haka aka koya mata.

A gefensa wani mai aski ne ke haɗa allon da zai zauna a goshin shafin shagonsa. Ya cika shi da taurari da harshen wuta, almakashi na buɗewa yana rufewa. Ya leƙo ya ce, "Baba, sa mata wuta a fukafukai, wallahi sai an tsaya an kalla."

"Nemanta nake yi, ɗana, ba gasawa ba."

Baba ya kama linzamin kwamfuta yana bin gefen tsuntsuwar a hoton, harshe a waje. Ya yanke mata wutsiya, ya mayar, ya sake yankewa. Da ya gama cire bangon hoton, sai wasu ƙananan gidaje, fari da ruwan toka, suka cika bayanta.

"Malama, waɗannan fa? Ni ban zana su ba."

"Ba komai ba ne. Alama ce ta cewa babu komai a wurin."

Baba ya gyara tabarau. Wato sai an zana wani abu kafin a nuna babu komai? Abin ya yi masa daɗi har ya manta da ciwon bayansa.

"To idan babu komai, me mutane za su gani?"

"Duk abin da ke bayansa."

Ya gyaɗa kai. Daga shi har ita babu wanda ya tambayi me ke bayan.

Da ya koma gida ya ɗora sa-hannun, ya miƙa wa matarsa waya yana ƙasaita. Ta nisanta ta da ido, ta matso da ita.

"Ina tsuntsuwar?"

Shafin dandalin fari ne, tantabara fara. Abin da ya rage kawai ɗigon ido, ɗan baki, da jajayen ƙafafu biyu tsaye a kan iska, ƙarƙashinsu an rubuta: Wa ya gan ta?

'Yan dandali suka samu abin yi. Wani ya rubuta, "Baba, har a hoton ma ta tashi?" Wani ya ce shi ma yana da irin wannan, ba ta cin hatsi. Mutanen da ba su taɓa kula shi ba suka yi ta tura hoton ga juna.

Washegari ya kai ƙara shago. Malama ba ta kare kanta ba, kujera ta jawo. Ta sa baƙin shafi a baya, 'Yar Lele ta fito cif. Ta sa fari, ta ɓace. Ta maimaita, mai aski ya bar wutarsa ya zo kallo.

"Kai!" in ji ta. "Dandalin da na koya a kansa baƙin shafi gare shi, shi ya sa ban taɓa gani ba. Bari in sa mata shuɗi a baya."

"Dakata tukuna," in ji Baba.

Baba ƙafafun yake kallo. Shekara da shekaru yana riƙe tsuntsuwar nan, bai taɓa ganin yatsan ƙafarta ta hagu ya karkace haka ba sai yanzu da babu sauran abin kallo. Farar tantabara kuwa garin cike yake da ita. Wa zai bambance wannan da waccan a hoton da bai kai faɗin yatsu biyu ba?

Yana cikin wannan tunani wayarsa ta yi ƙara. Saƙo ne daga wani kafinta a dandalin: "Ranka ya daɗe, dariya na zo yi, sai na ga ƙafar nan. Farare gare ni da yawa a rufin shago, ban ma san na yi baƙuwa ba. Ɗazu na watsa hatsi na bi ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Zo da kwali."

Baba ya miƙe har kujera ta faɗi. A bakin ƙofa Malama ta kira shi.

"Baba, shuɗin fa, in sa?"

"Bar ta yadda take. Rubutun kawai za ki canza, ki sa an same ta." Ya ɗan tsaya. "Gobe kuma zan dawo. Ina so ki nuna mini yadda ake zana babu komai ɗin nan tun daga farko."