Turaku Ashirin

"Kar ki tsaya, Malama! In ya fara shiga ba a hutawa."

Malama ta ƙara danna hannun jak ɗin. Ƙarfe ya yi ƙara, turken ya nutse cikin huda har kansa ya zauna daram. Makaniki, maƙwabcinta na shekara talatin, yana kan kujerar roba da bargo a gwiwa. Ya sa farce ya zagaye kan turken ko zai ji rata.

"Sha ɗaya," in ji shi. Sai tari ya sarƙe shi, ta jira har ya lafa.

Tsohuwar motarsa na tsaye a kan duwatsu cikin rumfa, ba taya ko ɗaya. Irin ta da ce: babu abin rataya taya. Sai ka ɗaga ta, ka riƙe a iska, ka daidaita huda da huda, sannan ka laluba ka zura noti cikin dirom ɗin birki, kaskon ƙarfen nan da taya ke kwantawa a kai. Aikin hannu uku ne. Autarsa ma'aikaciyar lafiya ce, da motar take zaga ƙauyuka ita kaɗai. Bara taya ta fashe mata a daji, ta yi awa huɗu tana ɗagawa tana zamewa, magungunan allura suna ɗumi a akwati. Da likita ya gaya wa Makaniki abin da ke huhunsa, sai ya dawo gida ya kwance dirom huɗu, ya yashe zaren hudojin da injin huda, ya sayo turakun ƙarfe masu zare guda ashirin, waɗanda ake cusawa ta baya su tsaya cak suna jiran taya. Yana gama huda ta ƙarshe hannunsa ya ƙi aiki.

Shi ne ya turo a kira Malama, tsohuwar shugabar makaranta wadda ba ta taɓa riƙe sifana ba.

Ƙanensa direba ya leƙo, ya riƙe baki. "Yaya, waɗanda suka ƙera motar nan sun fi mu sani. Ba a taɓa mota tsohuwa."

"Waɗanda suka ƙera ta," in ji Malama, ba ta ko ɗago ba, "sun taɓa canja taya a daji su kaɗai?"

"Ni dai haka na taso na ji."

"Ni ma na taso na ji abubuwa da yawa. Miƙo min man giris."

Ya miƙa, ya kuma ɗauko guduma. "To a buga mana a huta."

"Ajiye!" Muryar Makaniki ta fito kamar ta mai lafiya. "Guduma karkata shi take yi. Turke ɗaya ya karkace, taya ba ta zama."

Sauran turakun suna cikin firjin Malama, a kwanon da take daskarar da ruwa. Makaniki ya ce sanyi na tsuke ƙarfe. Ta koyar da wannan a aji shekara da shekaru, amma ba ta yarda tsukewar ta kai a ji ba, sai da ta gwada ɗaya mai sanyi, ɗaya mara sanyi. Kafaɗarta ce ta ba ta amsa: mai sanyin ya fi sauƙin shiga. Tun daga nan take tsallake titi da sauri, kwano a ƙarƙashin mayafi, maƙwabta na tambaya ko magani ne.

"Magani ne," take cewa.

Kullum biyu ko uku suke sawa, gwargwadon numfashinsa. Ran da suka kai sha shida bai iya fitowa ba. Aka kai masa dirom ɗin har gado, ya shafa da yatsa.

"Saura huɗu. In ban kai ba..."

"Za ka kai."

"Malama, ke da ba ki son a faɗi abin da ba a auna ba?"

Ta miƙa hannu ta karɓi dirom ɗin, shi kuwa ya ci gaba.

"Ki sa Auta ta danna da kanta. Kar ki taya ta ɗaga tayar. Ko ta roƙe ki."

Washegari da hantsi, Malama na tsakiyar titi da kwanon a hannu, ta ji kukan matarsa. Ta tsaya har sanyin ya fara cizon yatsunta. Ta juya ta mayar da shi firji, sannan ta shiga gidan.

Bayan masu gaisuwa sun ragu, ta sami Auta a rumfa tana kallon kujerar roba.

"Baffa direba ya ce a sayar da motar haka nan, Malama."

"Baffanki ya faɗi nasa. Cire zoben nan, ki kama hannun jak."

Huɗu suka shiga, ɗaya bayan ɗaya. Malama ta zagaye kowanne da farce. Suka mayar da dirom ɗin, Auta ta gangaro da taya, ta durƙusa, ta ɗaga, ta kuskure. Ta waiwayo. Malama ta harɗe hannuwanta a baya, ta matse su sosai.

Auta ta share fuska da gefen ɗankwali, ta tallabe tayar da gwiwa, ta sake ɗagawa. Turakun suka leƙo ta hudoji biyar. Ta saki hannu a hankali, ta ja da baya ta zauna a ƙasa.

Tayar na rataye, tana ɗan juyawa, ba wanda ke riƙe da ita.