Ƙararrawa Ta Jira Marleni

"Ɗan ɗaga ni in ga bangon," in ji Don Ovidio.

Eufemia ta ajiye kwanon romo ta gyara masa matashi. Bangon dai duk unguwa ta haddace shi: ƙusa ɗaya, an soke takardun sakamakon 'ya'yansa biyu a jikinta tun daga aji ɗaya, na ƙasan har sun yi ja da hayaƙin murhu. Shekara ashirin suna makwabtaka, ba ta taɓa ganin wanda ya kawo masa gyaran takalmi ya tafi bai ji makin 'yarsa Marleni a lissafi ba.

"Kana da lafiya ka ishe mu da bangon nan, yanzu ma ba za mu huta ba?"

"Hassada ke cin ki, makwabciya. Naki ɗan sai ƙwallo."

Ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace ta. Tun makon jiya likita ya ce a mayar da shi gida, huhun ya ƙare. Amma da gari ya waye sai da ya kore yaran, kowa ya kama gabansa. Marleni tana makarantar da ke ƙetaren rafi, tana rubuta jarrabawar ƙarshe har zuwa sha biyu, wadda in ta ci sai kwalejin malamai. Yayanta Wilmer kuwa yana coci, shi ke riƙe da makulli da igiyar ƙararrawa. A garin, da rai ya fita ake bugawa, uku-uku ga namiji, biyu-biyu ga mace. Kuma kowa ya san namiji ɗaya ne ke kwance.

"In abin ya zo kafin sha biyu, ki ce wa Wilmer ya riƙe hannunsa."

"Kai fa ka koya masa ba a sa ƙararrawa jira."

"Ni ne. Shekara huɗu ko minti bai makara ba, Fada, limamin cocin, da bakinsa ya faɗa a gaban jama'a." Ya huta, ƙirjinsa na tashi da ƙyar, amma fuskar cike da alfahari. "Yau ɗaya ya makara don ni. Yarinyar nan ta sha wuya. Ba zan bi ta ɗakin jarrabawa da gawata ba."

Goma da 'yan mintoci ya cika, idonsa na kallon bangon. Eufemia ta rufe masa ido, ta kira makwabta biyu suka zauna da shi, ta ja gyale ta haura tudun coci, gwiwoyinta na ƙara.

Ta tarar da Wilmer yana goge mazaunin kyandir. Kallo ɗaya ya yi mata ya nufi matakalar hasumiya. Ta cafke wuyan hannunsa ta faɗa masa saƙon.

"Goggo, ko mashayin garin nan da ya mutu ban sa shi jira ba. Sai babana ne zai tafi ba rakiya?"

"Shi ya ce, ɗana. Sai ƙanwarka ta ajiye biro."

Ya zare hannunsa daga nata. Sannan ya hau. Eufemia ta zauna a benci na ƙarshe tana sauraro, amma ba abin da ya motsa a sama sai tantabaru. Tausayin yaron ya kama ta har ta kasa addu'a.

Sha biyu daidai ya buga ƙararrawar tsakar rana kamar kullum. Ya ɗan dakata. Sannan ya saki ukun farko, a hankali.

Da Marleni ta shigo gida, takalmanta duk laka, Eufemia ta riga ta shirya ƙaryar da za ta yi, wai yanzun nan ya cika. Ko baki ba ta buɗe ba, Marleni ta riga ta magana.

"Na sani tun goma da rabi, Goggo. Kujerata kusa da taga take. Na hango Wilmer zaune a saman hasumiya da igiya a cinyarsa, shi da ba ya hawa sai lokaci ya yi."

"Kika kuma zauna?"

"Saura tambaya uku. Da na taso, da me zan gaya wa Baba?"

Eufemia ta so a ce mai fahariyar nan ya ƙara ko da awa biyu, ya ji wannan, ya ishe su da shi har ƙarshen shekara.

Marleni ta durƙusa ta sumbaci goshin babanta. Ta ciro takardar tambayoyin daga aljihu, tawada ta ɗan baje a gefe guda inda ruwa ya ɗiga, ta miƙe ta soke ta a ƙusar, a kan sauran. Ƙararrawa na ci gaba da bugawa daga kan tudu.