Fuskar Yaya a Madubin Kabad

Yayana ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar hoton mutane, amma da ya rasu muka birkice shagonsa kaf, ba mu samu hotonsa ko ɗaya ba. Kullum yana bayan kyamara. Ya yi ta saɓa ta a kafaɗa har kafaɗarsa ta hagu ta karkace, ko daga nesa da ita ake gane shi.

Innarmu abin ya tsaya wa a rai. Idonta ya fara tafiya, ba ta ganin komai sai abu babba mai haske. Ta ce tana tuna muryarsa, tana tuna tarinsa, amma in ta nemi fuskar a zuciyarta sai ta tarar da fili.

"In idon nan ya rufe ban sake ganinsa ba, na rasa shi sau biyu ke nan," in ji ta.

Auta, 'yarsa da ta gaji shagon, ita ta gano shi a wani tsohon fim na kyamara, irin wanda ake wanke hoto daga jikinsa, mai faɗin tafin hannu. Hoton kabad ne mai madubi da na taɓa yi, don ni kafinta ne, na sa ya ɗaukar min in riƙa nuna wa masu saye. A cikin madubin ga kyamara a kan ƙafafunta, ga mutum tsaye gefenta, kansa bai kai ƙwayar wake ba.

"Baffa, injin faɗaɗa hoton da muke da shi ƙananan fim yake ci. Wannan ba zai shiga ba," in ji Auta.

"To sai yaya?"

"Kyamarar da ta haɗiye shi ita za ta amayo shi. A sa fitila a bayanta, haske ya ratsa fim ya fita ta idonta, hoton ya faɗa a bango."

"Wato ta yi aiki da baya."

"Kai dai yi min akwati, ka bar surutu."

Kyamarar katako ce, cikinta fata mai naɗe-naɗe kamar zugazugin maƙeri. Na cire gilashin bayanta, na yi wa fim ɗin maƙali a gurbinsa, na haɗa akwati na lulluɓe cikinsa da kwano, na ɗaura ƙwan fitila. Na huda 'yan ramuka don zafi ya fita, amma ba da yawa ba, kada haske ya tsiyaye. Auta ta gwada da wani fim na banza har bango ya fito tas. Ta ja min kunne: na Yaya ɗaya ne tak, ya tsufa, zafi kaɗan zai narkar da shi. In ta ce kunna in kunna, in ta ce kashe in kashe.

Da tsakar rana muka shiga ɗakin wankin hoto. Inna ta ce da ita za a shiga.

"Kaka, ki zauna a waje, in na wanke na kawo miki."

"Ke da kika zo duniya jiya za ki koya min duhu? Cikinsa nake yini."

Muka ba ta kujera. Auta ta rufe ƙofa, ta kunna jar fitila, ta manna babbar takardar hoto a bango, ta koma bakin ƙofa. Ni ina bayan akwati, hannuna a kan makunni.

"Kunna."

Na kunna. Ashe Inna ta riga ta tashi, tana tsaye dab da takardar, ba wanda ya ji motsinta.

A fim komai juye yake, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi. Sai ga Yaya a bango, girman mutum, fuskarsa fara fat, farin idonsa baƙi ƙirin. Kansa a sunkuye, yana kallon kyamara. Ni ba matsoraci ba ne, na wanke gawa da hannuna, amma tsigar jikina ta tashi.

"Kaka, kin tare hasken! Baffa, kashe!"

Inna ta ɗaga hannu a hankali. Kan nan na Yaya da ke sunkuye a bango ya fara ɗagowa.

"Zafi ne," Auta ta ce. "Fim ɗin ne ke lanƙwashewa. Kashe, Baffa, zai ƙone!"

"Kada ka taɓa," in ji Inna, ba ta ko waiwayo ba. "Yanzu ya fara kallona."

Na san in na kashe, fim ya tsira, Auta za ta iya sake gwadawa. Na kuma san takarda wankakkiya ba abin da Inna za ta gani a kanta sai baƙin mutum cikin baƙin madubi. Wannan farar fuskar ce kaɗai idonta zai iya kamawa. Na cire hannuna daga makunni.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Dubi yadda ka bar gemu kamar ba ka da uwa." Ƙauri ya cika ɗakin. Wani farin ɗigo ya ɓullo a goshinsa, ya yi ta faɗi har ya cinye fuskar, bango ya zama haske zalla. Sannan na kashe.

Na raka Inna waje, tana ta lissafa min tabon haɓarsa da yadda kunnensa ɗaya ya fi ɗaya, abubuwan da ni kaina na manta. Ba ta sake neman hoto ba.

Auta dai ta tsoma takardar a ruwan maganin wankin hoto, wai kada ta tafi a banza. Ta kira ni. Takardar ta fito baƙa wuluk saboda haske ya yi mata yawa, sai inda jikin Inna ya tare, nan ya zauna fari: ga lulluɓinta, ga hannunta a sama. Kusa da ita akwai wani farin, ya fi ta tsawo, kafaɗarsa ɗaya a karkace.

"Inuwarta ce ta rabu biyu," in ji Auta.

"Ƙwan fitila nawa na sa a akwatin, da zai ba da inuwa biyu?"

Auta ta ɗauki murfi ta rufe idon kyamarar.