Itacen Jegon Hannatu

A Tungar Gawo, wani ɗan ƙauye kusa da Kurya Madaro, akwai gidan wani manomi da ake kira Dogo. Sunansa na yanka Halilu, amma da yake shi ne ɗan fari uwarsa ba ta taɓa kama sunan ba, sai laƙabin ya bi shi har girma. Su biyar ne a gidan: shi, da matarsa Hannatu, da uwarsa Inna Tumba, da 'yarsa Zulai mai shekara goma sha ɗaya, da jaririn da aka haifa a tsakiyar bazarar nan. Gero da dawa suna nan a rumbu daidai gwargwado, rijiya ma ba ta ƙafe ba. Abin da suka rasa shi ne itace.

Da can itace ba abin tunani ba ne. Daji na nan bayan gonaki, mutum ya kora jakinsa da safe ya dawo da kaya kafin azahar. Yanzu kuwa masu bindiga sun zaune dajin. Bara maza biyu suka shiga neman itace, jakunansu suka dawo gida su kaɗai. Ɗaya an same shi bayan wata biyu, ɗayan har yau shiru.

A garin, mai jego takan yi wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, kuma tara itacen aikin miji ne. Namijin da itacensa ya ƙare kafin arba'in, sai an daɗe ana tuna masa. Ga shi tsakanin Zulai da jaririn nan Hannatu ta haifi biyu ba su tsaya ba, saboda haka Inna Tumba ba ta yarda a rage ko kwana ɗaya. Tun cikin yana wata biyar Dogo yake tari: sassaben gonar bakin gari, busassun rassan darbejiya, har da tsohuwar dirkar rumfar da ta faɗi. Tarin ya kai masa ƙirji.

Sai dai rabin duron da ake dafa ruwan a ciki ba ya jin kaɗan. A kan duwatsu uku ake girka shi a tsakar gida, wuta na fita ta kowane gefe, iska na kwasarta. Ranar suna kuma aka yi girkin baƙi. Ran kwana goma, tarin ya dawo daidai gwiwa.

Ranar Talata da hantsi Zulai na shara ta ji babanta yana magana da ƙanensa Sagir a zaure.

"Asabar za mu tahi," in ji Dogo. "Ka zo da jakinka. Bakin dajin kaɗai za mu tsaya."

"Su ma na bara bakin daji suka ce, Yaya."

"To mi kake so in yi? In bari a ce iccen jegon matata ya ƙare ran ashirin?"

Zulai ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ba ta gaya wa uwarta ba, don an ce ba a tayar wa mai jego hankali. Ta ci gaba da shara, amma wuri ɗaya ta yi ta maimaitawa.

Washegari aka ce ta dama wa uwarta kunun kanwa. Duro na kan duwatsu, babu wurin ɗora ƙaramar tukunya. Sai ta tuna da wani murhu da ke bayan rumbu. Wata huɗu da suka wuce wasu mata sun zo daga Kaura Namoda a ƙarƙashin wata ƙungiya, suka tara matan gari a filin makaranta, suka raba musu murhun ƙarfe mai yumɓu a ciki. Shugabarsu, Malama Rabi'atu, ta ce yana rage cin itace. Da aka kawo shi gida Inna Tumba ta dube shi sau ɗaya ta ce wannan na masu dafa shayi ne, tukunyar tuwonta ba za ta zauna a kai ba. Tun daga ranar kaza ce ke ƙwai a ciki.

Zulai ta kwashe ƙwan ta mayar cikin wani fasasshen kasko, kazar na ta mita. Ta sa 'yan ƙirare uku ta hura. Kafin ta gama tace gasara ruwan ya tafasa.

Inna Tumba na zaune a inuwa tana tsinke ganyen darbejiya na wanka. Duk abin nan idonta na kai.

"Ke sarkin ƙiriniya, icce nawa kika sa?"

"Uku, Inna."

"Ƙarya dai ba ta tsufa. Uku?"

"Ga su nan ai, ko cinyewa ba su yi ba. Ko idon ne ya tafi, tsohuwa?"

"Idon da ya ga haihuwar ubanki? Kawo mini abin nan in ya huce."

Inna Tumba maginiyar tukwane ce a zamaninta. Randunanta har kasuwar Kaura ake kai su, kafin roba da tukunyar dalma su kashe sana'ar. Da murhun ya huce ta ɗora shi a cinya, ta zura hannu ciki tana shafawa kamar yadda takan gwada kaurin tulu. Ta ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ta leƙa ƙofarsa.

"Ashe ba wata tsiya ba ce," ta ce. "Ɗaki aka gina wa wuta don kar ta yi yawo. In don wannan ne, ni ma na iya gini."

A nan ne Zulai ta matso ta gaya mata maganar Asabar, murya ƙasa-ƙasa. Tsohuwar ta sauke murhun daga cinyarta. Ta ajiye ganyen, ta ɗaure zanenta tamau, ta ce a ɗauko kwando.

Suka ɗebo yumɓu a tsohon kududdufin bayan masallaci. Inna ta sa aka haɗa shi da ƙaiƙayin gero da busasshen kashin jaki, Zulai ta shiga ciki da ƙafa tana takawa har ya yi danƙo. Aka auna gindin duron a ƙasa da tsinke, aka zana da'ira. Kan la'asar bango ya tashi, kewayayye, da 'yar ƙofa ɗaya ta sa itace. Hannatu ta leƙo daga ɗaki da jariri a kafaɗa.

"Inna, rumbu ake yi mana?"

"Koma ciki, iska na kaɗawa. In an gama kya gani."

Dogo da ya dawo ya zagaya ginin sau ɗaya, ya yi murmushi irin na wanda ba ya son saɓa wa uwarsa, ya wuce ya ɗauko gatarinsa ya zauna yana wasawa.

Ranar bazara ba ta jinkiri. Kwana biyu ginin ya bushe ƙayau. Ranar Juma'a da la'asar aka ɗora duron babu ruwa, ya zauna daram, bakin ginin ya kama shi ko allura ba za ta shiga ba. Inna ta ji daɗin wannan, don a wurin maginiya murfin da ya kama baki shi ne aiki. Aka cika ruwa, aka sa itace, aka kunna.

Wutar ta kama, ta yi ja, ta mutu. Aka sake. Hayaƙi ya turnuƙo ta ƙofar ya cika gidan, har jaririn ya fara tari aka rufe labule. Inna ta durƙusa tana fifita da faifai, idanunta na hawaye. Sau huɗu ana kunnawa tana mutuwa. Daga ƙarshe dole aka kwashe ruwan, aka mayar da duron kan duwatsu, aka ci itace mai yawa kamar kullum.

"Inna, kin yi ƙoƙari," in ji Dogo a hankali. "Allah ya saka. Gobe in sha Allahu kafin azahar mun dawo."

Inna Tumba ta zauna a kan turmi ta zuba wa ginin ido.

Zulai kuwa ta koma bayan rumbu ta ɗauko ƙaramin murhun. Ta ɗora tukunya a kai, ta sauke, ta sake ɗorawa. Ta durƙusa har kumatunta na taɓa ƙasa, sai ta hango hasken yamma ta tsakanin tukunyar da murhun. Wasu 'yan ƙusoshi uku ne a bakinsa suka ɗaga tukunyar, suka bar tazara kamar kaurin yatsa. A ciki kuma akwai wani faranti mai huji-huji da itace ke hawa, iska na bi ta ƙarƙashi.

"Inna, zo ki gani. Nasu bai kama baki ba."

Tsohuwar ta zo ta zura yatsa a tazarar. Ta daɗe a haka. Sannan ta yi wata 'yar dariya.

"Tulu na gina. Shekara arba'in ina hana ruwa hita, hannuna bai san a bar ƙofa ba. Na yi wa wuta ɗaki na toshe mata hanci. Miƙo mini wuƙar can."

Kafin magariba ta kankare bakin ginin, ta bar tudu uku da duron zai hau. Ta samo wani tsohon kasko ta huhhuda shi da ƙusa, ta kafa shi a ciki kan 'yan duwatsu.

Da safe bayan an idar da salla, rana ta fara fitowa, Sagir ya iso da jakinsa da igiya. Ya tarar da Inna Tumba tsaye a gaban tarin itace ta riƙe ƙugu.

"Dogo, kwana nawa suka rage?"

"Ashirin da bakwai, Inna."

"To kasa mini iccen ga kashi ashirin da bakwai, kamar mai tallar rogo."

"Inna, rana na yi."

"Ta yi. Ni na haife ka ko kai ka haife ni?"

Ya sunkuya ya fara kasawa, Zulai na taya shi. Kasa-kasan suka jeru a gindin katanga, kowanne bai fi abin da yaro zai runguma da hannu ɗaya ba. Inna ta ɗauki ɗaya ta raba biyu.

"Wanga na safe, wanga na marece. In na safe ya tafasa duron ga, ka zauna gida. In bai tafasa ba, ba ni hana ka."

Sagir ya ƙyalƙyale da dariya. "Inna, wannan ko ruwan alwala ba ya ɗumamawa."

"Kai dai riƙe jakinka, shi ya fi ka hankali, bai ce komai ba."

Itace biyar ne, sirara. Zulai ta jera biyu a kan kaskon ta kunna da kara. Wutar ta yi jim, sannan ta miƙe. Wani siririn hayaƙi ya fito ta tazarar da ke kewaye da duron, ya ɓace. Daga ciki aka fara jin wani gurnani a hankali, kamar ana tankaɗe a nesa.

Aka tsaya. Jakin ya sunkuya yana cin ƙaiƙayin da ya zube. Zulai ta tura na uku. Dogo ya dubi rana, ya gyara gatarin a kafaɗa. Ta tura na huɗu. Ta sa hannu a jikin duron ta janye da sauri, amma saman ruwan shiru, sai ɗan tururi.

"Saura ɗaya," in ji Sagir, wannan karon ba dariya.

"Na iya ƙirga," in ji Inna.

Zulai ta riƙe na biyar ɗin. Ta tura shi, ta zauna a kan dugaduganta, ta ƙi duban babanta. Ƙananan ƙwayoyi suka fara tasowa daga gindin duron, ɗaya-ɗaya, sannan da yawa. Itacen ya ci rabi. Sai ruwan ya juya daga tsakiya, ya yi tsalle, ya fara ɓararraka har yana fantsalowa kan yumɓun.

"Ikon Allah," in ji Sagir. Ya zagaya ya dafa bangon ginin ta waje. "Yaya, taɓa ka ji. Ɗumi kawai. Duk zafin na ciki."

Dogo bai taɓa ba. Ya dubi ruwan, ya dubi kasa-kasan da ke gindin katanga, leɓunansa na motsi yana lissafin kwanaki. Daga ɗaki Hannatu ta ɗaga murya.

"Wai ruwan nan sai ya huce za a kawo? Kuma ina za a da jaki da sassafe haka?"

Dogo ya sauke gatarin daga kafaɗa.

"Yumɓu za mu ɗebo," ya ce. "Matar Sagir ma ta kusa."

"Ku ɗebo na ƙasa-ƙasa, ban da mai yashi," in ji Inna Tumba, tana kwasar ruwan da ƙwarya. "Kuma ka gaya wa matan Kaura in sun dawo, su zo su ga na manya."

Zulai ta zaro guntun itacen da ya rage, ta turmuza shi a ƙasa ya mutu, ta mayar da shi kan kashin yamma. Ta gane cewa itacen gidansu bai ƙaru ko ɗaya ba. Zafin da ke tserewa ne aka tsare, kuma shi ya isa ya hana babanta shiga daji.